TSUNTSAYEN BAKIN RUWA DA KIYAYE DAJI: JAWABI GA JAMA'AR NASKO DA KEWAYE



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa jama'ar Nasko da Salka da Auna da Ibeto, da sauran garuruwan ƙasar Magama, abin da masana suka gano game da tsuntsayen da ke zama a bakin ruwa, da kuma dalilin da ya sa wannan bincike ya shafi manomi da masunci da makiyayi. Mai sauraro yana iya cewa, me ya haɗa talaka mai neman abin sa wa a baka da ƙidayar tsuntsaye? Amsa ita ce, tsuntsun bakin ruwa ma'auni ne. Inda ya yawaita, akwai kifi da ƙwari da itatuwa da ruwa mai kyau. Inda ya ƙaura, wani abu ya lalace, ko da idon mutum bai kai ga ganinsa ba tukuna. Abin da binciken shekaru masu yawa ya tabbatar kuwa shi ne, lafiyar ruwa a hannun daji take.

TAFKIN KAINJI DA SAUYIN DA YA KAWO

Kogin Kwara yana tasowa ne daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar da iyakar Binin, sa'an nan ya shigo Nijeriya. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180. A shekarar 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Ruwan da aka tsare ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,270. Ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka da yawa, har aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Dattawan wannan yanki ba su manta da wannan ƙaura ba.

Masunta sun san ruwa biyu ne ke cika tafkin kowace shekara. Na farko shi ne farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, yana ɗauke da laka. Na biyu shi ne baƙin ruwa, watau ruwan daminar ƙasar Gini, wanda ke yin watanni a hanya, ya baje cikin fadamun Mali ya zubar da lakarsa, sa'an nan ya iso nan da sanyin hunturu. Bayan haka sai tafkin ya riƙa janyewa har zuwa wata damina, tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai wajen mita 10. Wannan janyewa ita ce ke buɗe filayen taɓo da na rairayi a gefen tafki, inda manoman rani ke shuka, inda kuma dubban tsuntsaye ke kiwo.

Yamma da Nasko, a tsakiyar tafkin, akwai tsibiran Foge, watau ragowar babban tsibirin da ruwa ya shanye. A shekarar 2008 aka sa su cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A wannan shekara ta 2008 aka sa dausayin Baturiya na Jihar Jigawa da na Dagona na Jihar Yobe. Ashe kuwa abin da ke bakin ƙofar mutanen Magama abu ne da duniya ta san darajarsa.

'YAN GIDA DA BAƘI

Nijeriya tana da tsuntsaye iri fiye da 900. Waɗanda ake gani a bakin ruwa sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne 'yan gida, masu zama duk shekara ko masu 'yar gajeruwar ƙaura. Cikinsu akwai zalɓe da balbela da jinjimi da kirinjijiya da dinya, da mikiyar nan mai farin kai wadda ke sure kifi daga saman ruwa. Akwai kuma waɗansu da ba su yin sheƙa a itace, sai dai su tona ɗan gurbi a kan rairayin tsibiri su nasa ƙwai idan ruwa ya janye. Ɗaya daga cikinsu shi ne tsuntsun nan wanda leɓen bakinsa na ƙasa ya fi na sama tsawo, yana tashi dab da ruwa yana tsaga shi da baki har ya ci karo da ɗan kifi.

Kashi na biyu su ne masu ƙaura cikin Afirka. Shamuwa ita ce wadda kowa ya sani. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa cikin gari, ta ƙyanƙyashe, idan kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin. Tun kaka da kakanni manoma suke gyara gona idan sun ga shamuwa, wannan ma ai bincike ne irin na mutanen da.

Kashi na uku su ne baƙi daga Turai da arewacin Asiya. Suna isowa daga watan Satumba, su koma wajen Maris da Afrilu. Cikinsu akwai agwagin daji, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki waɗanda ke caccakar taɓo suna neman tsutsa, da fararen tsuntsaye masu tsinin fiffike da ke shawagi bisa ruwa. Da yawa daga danginsu bakin teku suke bi. A gaɓar tekun Muritaniya kaɗai, a wurin da ake kira Bank Dargin, wajen miliyan 2 ne ke cin hunturu. Amma waɗansu sukan ƙetare hamadar Sahara kai tsaye su sauka a fadamun Mali, da Tafkin Cadi, da dausayin Haɗeja da Nguru, da gefen Kwara. A wurinsu taɓon gefen Tafkin Kainji shi ne bakin teku.

YADDA MASANA KE BINCIKE

A zamanin da, mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da hunturu ba, har waɗansu suna tsammani cikin taɓo suke nutsewa su yi barci. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka a soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostok. Wannan ya zama shaida ta zahiri cewa tsuntsayen Turai suna zuwa Afirka.

A shekarar 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Hans Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Wannan dabara ita ce tushen bincike har gobe. Ana kafa raga mai laushi a kama tsuntsu ba tare da ji masa ciwo ba, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa zobe mai ɗauke da lamba da adireshi, a sake shi. Idan wani ya same shi a wata ƙasa ya aika da labari, sai a san hanyar da ya bi da shekarun da ya yi.

Hanya ta biyu ita ce ƙidaya. Tun shekarar 1967 ake ƙirga tsuntsayen ruwa a watan Janairu a ƙasashe da yawa a lokaci guda, don kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Idan aka jera lissafin shekara da shekara, sai a ga irin da ke ƙaruwa da irin da ke raguwa.

Hanya ta uku ta zamani ce, watau ɗaura wa tsuntsu 'yar na'ura mara nauyi wadda ke nuna wuraren da ya bi. Da irin wannan na'ura aka gano a shekarar 2010 cewa wani farin tsuntsun teku da ke ƙyanƙyasa a ƙasar Girinlan yana tafiyar kilomita wajen 70,000 a shekara, yana bi ta tekun Afirka ta Yamma. A 2011 kuma masanan ƙasar Suwidin suka bayyana cewa wani tsuntsun fadama mai dogon baki yana tashi daga can zuwa Afirka, tafiyar da ta wuce kilomita 4,000, cikin kwana biyu ko uku ba tare da ya sauka ba.

Nijeriya ba a bar ta a baya ba. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. A 2001 aka kafa Cibiyar A. P. Leventis ta Binciken Tsuntsaye a dajin Amurum kusa da Jos, tare da Jami'ar Jos, inda ake horad da 'yan ƙasa da na sauran Afirka. A Sabuwar Bussa kuwa akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, da Kwalejin Tarayya ta Koyon Kula da Namun Daji wadda aka buɗe a 1978.

ABIN DA BINCIKEN YA NUNA

Darasi na farko ya fito ne daga fari. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ya cika shingayen gonakinsu, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Aka bincika ba a sami dalili a Ingila ba. Daga baya aka gane cewa ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel a daminar 1968 shi ne ya hallaka su. Bayan 'yan shekaru sai ga babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya jawo yunwa a arewacin Nijeriya da Nijar. Tsuntsu ne ya fara ba da labari, mutane suka ji a jikinsu daga baya.

Darasi na biyu ya fito daga Malamfatori a bakin Tafkin Cadi, inda masana suka yi awon tsuntsaye masu shirin komawa Turai a 1967 da 1968. Sun tarar cewa kafin tsuntsu ya tunkari hamada sai ya tara kitse mai yawa, waɗansu har sukan kusa ninka nauyinsu. Ƙananan ƙwari da 'ya'yan itatuwan bakin ruwa su ne guzurinsa. Idan aka sare itatuwan, ba shi da abin da zai kai shi ƙetare.

Darasi na uku shi ne, ba kowane itace ne ke riƙe tsuntsu ba. Masanan ƙasar Holan sun duba itatuwa dubbai a Afirka ta Yamma, suka bayyana a 2015 cewa baƙin tsuntsaye sun fi taruwa a itatuwan gargajiya masu ƙaya, irin su gawo da aduwa, saboda yawan ƙwarin da ke cikinsu, amma ba su cika kula dalbejiya da turare ba. Dalbejiya tana da amfaninta wajen inuwa da tare iska, amma ba ta maye gurbin kurmin da aka share.

Darasi na huɗu daga Mali ya zo, daga fadamun nan da baƙin ruwa ke ratsawa kafin ya iso Kainji. A can akwai dazuzzukan ƙaya waɗanda ruwa ke shiga ƙarƙashinsu idan kogi ya cika. Zalɓe da balbela da danginsu suna yin sheƙa a kansu dubbai, kashinsu yana zuba cikin ruwa ya zama taki, takin ya haifar da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, saiwoyi da rassa kuma su ɓoye 'ya'yan kifin har su yi ƙwari. Fari da sara sun cinye mafi yawan waɗannan dazuzzuka a shekarun 1970 da 1980. Sai mutanen wurin, da taimakon masana, suka sake raya dajin Akkagun da na Dentaka kusa da Tafkin Debo. Tsuntsaye suka komo, masunta kuma suka ga amfanin abin a cikin komarsu.

Darasi na biyar game da guba ne. A Amurka da Turai maganin ƙwari mai suna DDT ya bi ta cikin kifi ya taru a jikin tsuntsaye masu cin kifi, ɓawon ƙwansu ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwa. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972, tsuntsayen kuma suka farfaɗo. An ga irin wannan laushin ƙwai ga mikiya mai cin kifi a Tafkin Kariba na Zimbabuwe. Kifin da tsuntsu ya ci ya cutu, shi ne mutum ke kai wa iyalinsa. Saboda haka mai zuba Gamalin ko wani maganin gona cikin rafi don ya kwashi kifi, ba kifi kaɗai yake kashewa ba.

DAJI DA RUWA A ƘASAR MAGAMA

Ƙasar Kwantagora ƙasa ce ta doka da maje da kawo da maɗaci da ƙirya da marke, ga kaɗanya da ɗorawa cikin gonaki, ga giginya da giyayya da ɓaure a bakin rafuffuka. Ruwan saman da ya zuba a Nasko ba a Nasko yake tsayawa ba. Yana bin ƙorama zuwa rafi, rafi zuwa kogi, irin su Malendo da kogin Kwantagora, daga nan sai Kwara. Duk abin da aka yi wa ƙasa a tudu, a ruwa ake ganin sakamakonsa.

Kurmin bakin rafi yana aiki iri huɗu. Saiwoyinsa suna riƙe gaɓa kada ta zube. Ganyen da ya kaɗe yana rufe ƙasa, ruwan sama ya nutse a hankali maimakon ya kwarara, ta haka rijiyoyi da rafuffuka ke jimrewa har tsakiyar rani. Ganye da 'ya'yan itace da ƙwarin da ke faɗawa ruwa abincin kifi ne. Dogayen itatuwa kuma su ne gidan mikiya da zalɓe da balbela. Idan aka share kurmi aka yi noma har bakin ruwa, sai gaɓa ta zaizaye, ƙasar gona mai kyau ta tafi, rairayi ya cike gurbin da kifi ke ɓuya, rafi ya riƙa ambaliya da damina ya ƙafe da wuri da rani. Lakar da ta isa tafki kuwa tana kwantawa a ƙasa tana rage wurin ajiyar ruwan da ke juya injunan lantarki.

Abubuwa huɗu ne ke cin dajin wannan yanki. Na farko, toya gawayi don kai wa birane, wanda ya fi faɗa wa ƙirya da marke, yanzu har ya kai ga kaɗanya. Na biyu, sarar katako ba bisa ƙa'ida ba. Madobiya, wadda makiyaya ke dogara da ganyenta da rani, an yi ta sararta a Afirka ta Yamma ana kai wa ƙasar Sin, har ya zama dole daga 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Na uku, gobarar daji ta tsakiyar rani. Na huɗu, share sabuwar gona ba tare da barin ko itace ɗaya ba.

GYARAN DA AKA GWADA AKA GA AMFANINSA

Game da wuta, akwai gwajin da ma'aikatan daji suka fara a Olokemeji, yamma da Ibadan, a shekarar 1929. An ware filaye uku. Ɗaya ana sa masa wuta da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, ɗaya kuma ba a sa masa ko kaɗan. Bayan shekara wajen 30 aka duba. Wanda aka tsare ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa da dama. Wanda ake ƙonawa a makare kuwa ya zama filin ciyawa da 'yan itatuwa jefi-jefi. Dalili shi ne, da farkon rani ciyawa tana da sauran ɗanye, wuta ba ta da zafi, amma a watan Fabrairu da Maris komai ya bushe, wuta takan kashe ƙananan itatuwa har saiwa, ta cinye ƙwan zabo da na fakara, ta bar ƙasa tsirara ga ruwan farko.

Game da gona, misali yana nan a ƙasar Hausa, a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Daga shekarar 1983 aka soma ƙarfafa wa manoma abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ke fitowa daga kututture, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara su kowace shekara. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙasa, itacen yakan girma da sauri fiye da dashe. Ta wannan hanya aka raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5, ba tare da kuɗi mai yawa ba. Abin da ya yiwu a ƙasar da ruwan samanta bai kai na Nasko ba, ai ba zai gagara a Nasko ba.

HUKUMA DA DOKA

Gandun Namun Daji na Tafkin Kainji shi ne na farko irinsa a Nijeriya. Doka mai lamba 46 ta shekarar 1979 ita ce ta tabbatar da shi, bayan an haɗa gandun Borgu da ke yammacin tafki da na Zugurma da ke kudu da nan. Faɗinsa murabba'in kilomita 5,340 ne. Yana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma doka ta hana farauta da kiwo da sara da sa wuta a cikinsa. Sauran gandayen daji suna hannun Gwamnatin Jiha, ita ce ke ba da izinin sara. Akwai kuma doka mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana kamawa da cinikin namun daji da tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Ba a ɓoye wa jama'a cewa a 'yan shekarun nan rashin tsaro ya takura aikin masu gadin daji da masu bincike a wannan yanki, ya kuma raba mutane da yawa da gonakinsu. Wannan ya ƙara wa jama'ar gari nauyi, domin kurmin da ke bayan gari da rafin da ake ɗiban ruwa, babu mai tsaronsu kamar masu amfani da su.

TAMBAYOYI BIYU DA AKAN YI

Manomi yakan ce, ai tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Gaskiya ne jan baki yana ɓarna ƙwarai a gonar gero da dawa da shinkafa, agwagin daji ma sukan taɓa shinkafa. Amma laifin wani ba ya shafar wani. Zalɓe da balbela da shamuwa ba su cin hatsi. Abincinsu fara ne da tsutsa da kwaɗi da ƙananan kifi, har da ɓera. Shamuwa da balbela ma'aikatan gona ne da ba a biyansu lada. Wanda ya baza guba don jan baki ya kashe su, ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo.

Mai gawayi kuma yakan ce, da me za a ci abinci? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuwa a ce kowa ya bar amfani da itace ba. Abin da ake nema shi ne lissafi. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, sa'an nan ta yi ta bayarwa har jikoki da tattaɓa-kunne. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa kaɗe a duniya, Jihar Neja kuwa tana kan gaba cikin jihohi. Wanda ya toya kaɗanya ya sami kuɗin buhunan gawayi sau ɗaya, amma ya yanke wa matan gidansa kuɗin man kaɗe na kowace shekara. Haka ɗorawa take da kalwa da daddawa.

ABIN DA AKE BUKATA GA JAMA'A

1. A bar itatuwa da ciyawa a gefe biyu na kowane rafi da bakin tafki, kada garma ta kai gaɓa. Hakimai da dagatai su zauna da malamin daji da malamin gona su tsai da faɗin da za a bari.

2. Kada a sare kaɗanya ko ɗorawa ko madobiya mai rai don gawayi. Wanda zai yi sara ya nemi izini, ya bar kututture mai iya toho.

3. Mai share gona ya gwada sassaben zamani, ko da a kadada ɗaya ce, ya kwatanta da sauran gonarsa bayan shekara uku.

4. Idan ƙuna ta zama dole, a yi ta da farkon rani, da sanyin safiya ko na maraice, bayan an share hanyar tsai da wuta kewaye da kurmi da gonaki. A bar sa wuta don farautar gafiya da zomo.

5. Kada a zuba maganin gona cikin ruwa, kada kuma a wanke tankin feshi a rafi.

6. Masunta da makiyaya su kauce wa tsibiran rairayi da itatuwan sheƙa a lokacin ƙwai. A hana yara kwasar ƙwai da 'yan tsaki.

7. Wanda ya sami tsuntsu da zobe ko da na'ura, kada ya tsorata. Ba sihiri ba ne, ba kuma kayan leƙen asiri ba ne, zoben ma ba azurfa ba ne balle a sayar. A rubuta lambar da rana da wurin da aka same shi, a kai wa malamin daji. In tsuntsun yana da rai a sake shi.

8. Idan aka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa, kada a taɓa su, kada a ci, a sanar da malamin dabbobi nan da nan. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma jawo wa masu kiwon kaji hasara mai yawa.

9. Malaman makaranta su koya wa yara sunayen tsuntsaye da itatuwan ƙasarsu da Hausa da Kambarci da Fulatanci, su riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar ruwan farko kowace shekara. Littafin da aka cika shekara goma ana rubuta wannan, dukiya ce ga masu bincike.

KAMMALAWA

Dattawa da yawa a arewacin ƙasar nan sun taso suna ganin gauraka garke-garke a fadama, suna ganin ungulu cike da mahauta. Yau yaro yakan girma bai ga ko ɗaya ba. Ba a rana ɗaya suka tafi ba, kuma ba wanda ya yi shelar tafiyarsu. Tsuntsayen bakin Tafkin Kainji suna nan tukuna, kurmin rafuffuka bai ƙare ba, kututturan gonaki kuma suna da rai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma tana da doka da masana, amma gatari da ashana da koma suna hannun jama'a. Ana roƙon kowane hakimi da dagaci da sarkin ruwa ya kai wannan bayani ga mutanensa, a kuma tsai da shawara a kan rafi ɗaya da kurmi ɗaya da za a fara da su kafin daminar bana.

Allah ya ba da zaman lafiya, ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye ƙasa da jama'arta, amin.